Wurin da ake yi wa yara maganin firgita a Zariya: abin da na yaba da abin da ban yaba ba

Akwai wani ƙaramin sashe a cikin wani asibiti a nan Zariya da ke karɓar yaran da suka ga tashin hankali da idonsu, su da wanda ke riƙonsu. Ba zan kama sunan wurin ba, don duk wanda ya san gidanmu zai gane yaran da nake magana a kansu, kuma akwai abubuwan da zan soka da ba laifin mutum ɗaya ba ne. Malamai mata a makarantar da nake koyarwa sun dame ni da tambaya, wai zuwan nan da muke yi yana da amfani ko ƙona kuɗin Keke ne kawai. Yana da amfani. Amma da sharaɗi: babban da ke gida shi zai ɗauki rabin aikin. Mai neman inda zai ajiye yaro a gyara masa shi, ya dawo ya ɗauka, to wurin ba nasa ba ne.

Yaran na ƙanina ne. Ƙauyensu yana cikin ƙaramar hukumar Giwa, ta ɓangaren da ke fuskantar dajin Birnin Gwari. Ɓarayin daji suka shigo da dare a kan babura, suka harbe uban a ƙofar gida, Allah ya jiƙansa, suka kora shanu. Yarinyar shekararta 13 a lokacin, yaron 8. Da uwar ta fita takaba sai suka dawo wurina a Tudun Wada. Yaron ya koma fitsarin kwance bayan ya daina tun yana ɗan shekara uku. In 'yan acaɓa biyu ko uku suka wuce layinmu a jere bayan isha'i, sai dai a zaro shi daga ƙarƙashin gado, kuma wanda ya san Tudun Wada ya san babur ba ya ƙarewa a can. A makaranta ya fasa wa wani yaro baki a kan fensir. Ita kuwa yarinyar shiru. Shara, wanke-wanke, ɗiban ruwa, ba a cewa ta yi. Maƙwabta na ta sa mata albarka, wai ga yarinya mai hankali da tawakkali. Saboda yaron muka je asibiti. Malamar da ta karɓe mu ce ta ce a zo mata da yarinyar ma, kuma bayan ta zauna da su biyun ta ce mini, "Hajiya, wadda ba ta damun kowa ɗin nan ita ta fi damuna."

Tun daga wannan maganar na fara ganin girman matar. Ba likita ba ce mai rubuta magani, ƙwararriya ce a kan halayyar ɗan'adam, yaran kuma Anti suke ce mata. Ranar farko ni kaɗai ta fara gani. Ta tambayi barci, cin abinci, makaranta, wa ke dukan yara a gidan, ko akwai wanda ya taɓa maganar kashe kansa, ko har yanzu ana yi mana barazana ta waya. Sannan ta yi bayanin da na so a ce kowane mai unguwa ya ji shi. Ta ce razana da mugun mafarki a makonnin farko ba ciwo ba ne, haka jiki yake, kuma yara da yawa sukan daidaita da kansu in sun samu kwanciyar hankali da mai jansu a jiki. Amma in abin ya haura wata guda yana hana barci, yana hana karatu, yaro na gudun duk abin da ke tuna masa, to maganar "yaro ne, zai manta" ta ƙare. Ba mantawa yake yi ba, daina faɗa yake yi.

Ba su ba mu ƙwaya ko ɗaya ba. Mai kemis ɗin layinmu ya riga ya ce a ba yaron rabin Valium da dare ya samu barci, na faɗa mata, ta girgiza kai. Ta ce tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa kada a ba yaro irin waɗannan ƙwayoyin don firgita ko rashin barcin da ya biyo bayan tashin hankali, kuma a kan fitsarin kwance ƙa'idar ta ce a fara da nuna wa iyaye illar horo. Wato ba duka, ba kiran shi amalala, ba tara yaran gida su yi masa dariya, ba shanya tabarmarsa inda kowa zai gani. Ya yi fitsari kafin ya kwanta, daren da ya tashi a bushe a zana masa tauraro a littafi, in taurarin sun taru a saya masa wani abu. Kakarsu ta wajen uwa, da ta zo daga ƙauye ta ga littafin, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce a zamaninsu kwaɗo ake ɗaura wa yaro a ƙugu. Na bar ta da dariyarta.

Tsarin da suke bi a takardunsu TF-CBT ake ce masa, wato maganin firgita ta hanyar zama da tattaunawa. Wasu masana uku ne a Amurka suka tsara shi, Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger, da farko don yaran da aka yi wa lalata, daga baya aka faɗaɗa shi ga kowane irin tashin hankali. Na yara ne daga shekara 3 zuwa 18, zama ɗaya a mako, yawanci 12 zuwa 16, mai nauyi ya kai 25. Da na ji daga inda ya fito jikina ya yi sanyi, don na san yadda ake kawo mana abubuwa a kwali a ce mu haɗiye. Abin da ya sa na saki jiki shi ne an gwada shi a Zambiya da Kongo da Tanzaniya da Kenya, kuma a wasu wuraren ba manyan likitoci suka yi aikin ba, mutanen gari ne aka horar ana duba aikinsu. A Kongo ma da 'yan matan da yaƙi ya rutsa da su aka yi.

Kowane zama kashi biyu ne, rabi da yaro, rabi da babba. Makonnin farko ba a taɓa maganar daren ba ko kaɗan, har na fara ƙosawa. Numfashi ta koya wa yaron: ya ɗauka kofin koko mai zafi ne a hannunsa, ya shaƙi ƙamshin ta hanci a hankali, ya hura ta baki don ya huce. Ta zana masa kofi a takarda, kullum ya nuna inda tsoronsa ya kai, ƙasa, tsakiya ko ya cika yana zuba. Ta koya musu bambanta tsoro da fushi da baƙin ciki da kunya, don su duka "ba komai" suke cewa. Ni da uwar kuma aka ba mu namu aikin gida: mu kama yaron yana abin kirki mu faɗa masa a take, mu faɗi takamaiman abin da ya yi, mu kau da kai daga ƙananan rigingimu. Ina koyarwa shekara da shekaru, na san ana rubuta wannan a littattafan koyon malanta, amma yin sa a gida da yaron da ya jefe ka da takalmi wani abu ne daban.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta bi da maganar addini. Kakar ta tsaya kai da fata cewa iska ce ta shafi yaron a dajin da suka kwana, a kai shi ruƙiyya. Anti ba ta yi musu da ita ba, ba ta kuma yi mata kallon jahila ba. Durƙusawa ta yi ta gaishe ta, ta ce, "Inna, a ci gaba da tofi, a ci gaba da rubutu, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Abu biyu kawai nake roƙo: kada a kai shi inda za a doke shi ko a turara masa hayaƙi, kuma kada a ce masa akwai wani abu a jikinsa. Yaron da ke tsoron waje, in aka ce masa cikinsa ma akwai abin tsoro, ina zai gudu?" Tsohuwa ta yi shiru, ta ce wannan kuma gaskiya ce. Daga ranar aka tsara kwanciyarsa: fitsari, alwala, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi, sannan numfashin koko.

Sai aka zo gaɓar da ake jin tsoro, inda yaro zai ba da labarin abin da ya faru daki-daki, a rubuta ko a zana, a maimaita har zafin ya ragu. Gidanmu ya rabu biyu a kan wannan. Uwar ta ce tone-tone ne, abin da ya wuce a bar shi ga Allah. Anti ta ce gyambon da aka rufe da tsumma ba a wanke ba, ruɓa yake ta ciki. Wankin da zafi, amma a hankali za a yi, kuma yaron ke riƙe da linzami. Ta gargaɗe mu cewa mafarkin na iya ƙaruwa a makonnin, ya kuwa ƙaru. Da ba ta riga ta faɗa ba, da uwar ta janye su. Yaron zane ya yi. Ya fara da gidansu da shanu da sunan kowace saniya, sai babura, sai wani shafi da ya shafe da baƙin biro gaba ɗaya, sai da aka yi zama biyu ko fiye kafin ya faɗi abin da ke ƙarƙashin baƙin.

A nan ne kuma aka gano abin da yarinyar ke ɗauke da shi wata da watanni ba wanda ya sani. Daren, da ta ji ƙara, ita ta kunna tocila ta haska tsakar gida. A ranta ta gama yanke hukunci cewa hasken ne ya jawo su gidan, ita ta kashe ubanta. Duk sharar nan da wanke-wanken da ake yabo, biyan bashi take yi. Na tambayi Anti daga baya me ta ce mata, don ni da na ji, "haba, ba laifinki ba ne" kawai zan iya cewa. Ta ce wannan kalmar ba ta shiga, yaro na jin ta a matsayin lallashi. Tambayoyi ta yi mata. Gida nawa suka shiga a daren? Duk an haska tocila a cikinsu? Mutanen da suka taho da babura daga daji, shanu suka zo nema ko haske? Wa ya riƙe bindigar? Da ƙanwar ƙawarki ce ta kunna tocila, za ki ce ita ta yi kisa? Yarinyar da bakinta ta kai ga amsar. Maganar ajali sai a ƙarshe ta zo, kuma ita yarinyar ce ta kawo ta. Mu a gida da ita muke farawa, mu rufe bakin yaro da "ƙaddara ce" tun bai faɗi abin da ke cinsa ba.

Tsarin ya tanadi zaman da yaro zai karanta labarinsa a gaban uwa ko uba, su kuma su yaba masa, su rungume shi. A nan takarda ta ci karo da gidan Bahaushe. Yarinyar 'yar fari ce. Uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, "ke" ce ko "yarinyar nan", balle runguma a gaban baƙuwa. Da farko Anti ta ɗan matsa, uwar ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, na ga zaman zai watse. Sai na ce mata, Malama, wannan alkunya ce, ba ƙiyayya ba. Ba ta yi girman kai ba, ta sauya tsari. Aka fara karanta wa uwar labarin ita kaɗai, ba yarinyar a ɗakin, ta yi kukanta ta gama. Ranar haɗuwa ni na zauna kusa da yarinyar a matsayin goggo, ni na riƙe hannunta, uwar na gefe. Da aka kai wurin tocila, uwar ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ni na ce a haska. Ke ba ki ji ba ne? Allah ya yi miki albarka." Ko ta faɗa a daren ko ba ta faɗa ba, ban bincika ba, ba kuma zan bincika ba. Na dai san a bakin wannan matar, jimlar nan ta fi runguma goma nauyi.

Yanzu ga inda wurin ya gaza, kuma ba kaɗan ba ne.

Mutum ɗaya ce ke wannan aikin. In an kira ta taron bita a Kaduna ko Abuja, zama ya faɗi, kuma ba mai buga waya ya sanar. Ka ɗauko yara daga makaranta, ka biya Keke, ka tarar da ƙofa a kulle. A tsakiyar makonnin labarin nan aka yi mana haka, lokacin da bai kamata a bar yaro da rabin magana a baki ba. Ɗakin kansa falanki ne ya raba shi da na kusa, ana jin tarin mai jiran layi, to yaya yarinya za ta faɗi sirrinta da murya? Hanyar shiga kuma ta gaban layin manya masu taɓin hankali ta bi, yaron ya tambaye ni ko shi ma mahaukaci ne. Takardar tambayoyin da ake auna yaro da ita da Turanci take, Anti na fassarawa da ka, kuma na lura yadda ta faɗi tambaya a farko ba lallai haka ta faɗe ta a ƙarshe ba, alhali da amsoshin ake gane ko an samu sauƙi. Ba namiji mai ba da shawara ko ɗaya. Na ga saurayi ɗan shekara 16 da aka karɓo bayan biyan kuɗin fansa, zaune yana kallon ƙasa. Wannan ba zai buɗe wa mace cikinsa ba. Sannan duk zaman da safe ne, ranar makaranta.

Kuɗin ganin Anti bai taka kara ya karya ba, kati ne kawai. Abin da ke kashe mutane kuɗin mota ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa asibiti kowane mako da yara biyu ya zama lissafi ko ga mai albashi a cikin gari. Waɗanda abin ya fi shafa kuwa suna Giwa, Kidandan, Galadimawa, ba a Tudun Wada ba. Akwai wani dattijo da muka riƙa haɗuwa da shi a benci da jikarsa, daga can wajen suke, bayan 'yan makonni ban ƙara ganinsu ba. Tsarin da ya dogara da zuwa mako-mako har wata uku ko huɗu, a gari ɗaya, wurin mace ɗaya, ya riga ya zaɓi waɗanda zai warkar.

Akwai kuma abin da ba laifin asibitin ba ne amma dole mai zuwa ya sani. An gina tsarin ne bisa cewa haɗarin ya wuce, saura a koya wa jiki cewa ya wuce. Namu bai wuce ba. A nan cikin Zariya aka shiga kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021 aka kwashi malamai da ɗalibai. Muna tsakiyar zuwa asibiti aka sace 'yan makarantar Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun, ranar 7 ga Maris 2024, labarin ya cika rediyo da bakin 'yan aji, yarinyar ta ƙi zuwa makaranta kwana da kwanaki. Na yaba wa Anti da ba ta yi musu ƙarya ba. Ba ta ce ba za su sake zuwa ba. Ta raba musu abu biyu: ƙarar da ke nufin haɗari da ƙarar da ke tuna haɗari. Babur ɗaya da rana a kan titin unguwar Kongo ta nan Zariya tuni ne kawai. Suka zauna suka tsara abin da za a yi in da gaske ne: wa za a tasa, ina za a taru, lambar wa aka haddace. Yaron ya fi samun natsuwa da wannan fiye da duk wani "kada ka damu".

Babur kuwa mataki-mataki aka bi. Ya kalli hotonsa, ya tsaya kusa da na maƙwabcinmu a kashe, ya taɓa shi, a tayar yana tsaye a zaure, har ranar da ya hau bayan mijina zuwa Kofar Doka. Da ƙaramar sallah ta matso na faɗa wa Anti cewa bindigogin hawan Sarki za su tashi, ita ba ta ma kawo wannan a lissafi ba. Aka shirya shi tun da azumi: wa ke harbawa, don me, ba harsashi a ciki sai albarushi. Ba mu kai shi kallo ba, amma da aka fara bugawa yana tsakar gida, ya toshe kunne, ya yi numfashinsa, bai shiga ƙarƙashin gado ba. Yanzu fitsarin sai jefi-jefi. Har gobe ba ya barci sai da fitila. Yarinyar kuma ta fara faɗa da 'yata a kan waye zai yi wanke-wanke, ranar da na fara jin haka daɗi ya kama ni.

Uwar ce ba ta samu nata ba. Ita ma ba ta barci, ita ma ta ga abin da suka gani, amma sashen na yara ne, rabin zaman da ake yi da ita a kan tarbiyyar yara yake, ba a kan nata ciwon ba. Takardar turawa aka ba ta zuwa ɓangaren manya, ta ninke ta sa a ƙasan akwati. Ba mamaki: ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, kuma sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Wanda ke neman ƙofar da zai fara bugawa, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. In fyaɗe ne, cibiyar Salama da ke asibitin Gambo Sawaba a Kofar Gayan kyauta take dubawa, kuma a kai yaro cikin awa 72, don maganin kariya daga ƙanjamau a cikin wannan lokacin yake aiki. Duk inda aka je, a tambaya ƙarara ko akwai mai zama da yaro mako-mako kuma yana haɗawa da iyaye, don ba kowane mai farin kaya ne ya koyi wannan aikin ba.

Da za su ji tawa, su mayar da wasu zaman yamma ko Asabar, su toshe falankin nan, su nemo namiji ko ɗaya, su kuma yi abin da aka yi a Zambiya: a horar da malaman firamare da na islamiyya da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi a Giwa, Anti ta riƙa duba aikinsu. Na rubuta musu duk wannan a takardar jin ra'ayi da suka miƙo mini ranar sallama. Ita ma da Turanci take.